Badagishiri a rumbunan bincike: Yadda ɗalibi zai gano abin da aka rubuta kan garinsu

Matafiyin da ya bi kwaltar da ta tashi daga Tsarnawa zuwa Tawa a ƙarshen rani, idan ya shiga ƙasar Illela zai riƙa ganin gonaki cike da ƙananan ramuka a jere, an tara ƙasa a bakin kowane rami, an zuba taki a ciki ana jiran ruwan farko. Wannan ita ce tassa, dabarar da ta mayar da faƙo gona a Badagishiri da ƙauyukan da ke kewaye da ita.

Waɗannan ramuka sun yi suna a wuraren da masu haƙa su ba su taɓa zuwa ba. An rubuta rahotanni a kansu a Rum, an yi nazarinsu a Amsterdam, an kafa hujja da su a Washington.

Amma jikan manomin da ya haƙa su, idan ya isa jami'a a Tawa ko Yamai aka ce ya rubuta kundin kammala karatu kan yankinsu, sau da yawa kukan da yake yi shi ne ba a rubuta komai a kan garin ba. Ya buga sunan garin a waya sau biyu ko uku, bai ga abin kirki ba, sai ya haƙura ya koma kwafar aikin wani.

Rubuce-rubucen suna nan, da yawa daga cikinsu kuma kyauta ne. Abin da ke tsakanin ɗalibi da su shi ne sanin inda aka ajiye su, da sunan da aka ajiye su da shi.

Yankin da aka daɗe ana nazari

Ƙasar Adar na cikin yankunan Nijar da masu bincike suka fi yawan takawa. Tun a shekarun 1960 da 1970 masana ruwa na hukumar binciken Faransa da ake kira ORSTOM suka riƙa auna ruwan da ke kwarara a kwaruruwan Adar, har da na Badagishiri.

A 1975 aka buga littattafai biyu a jerin Études nigériennes na cibiyar IRSH da ke Yamai: na Djibo Hamani kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, da na Nicole Echard kan tarihin manoman Hausawa na Adar. Sunan Djibo Hamani ɗin ne jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, ke ɗauke da shi a yau.

A 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya. A ƙarshen shekarun 1980 kuma asusun FIDA na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tallafa wa wani aikin farfaɗo da ƙasa a Illela, wanda ya kai wasu manoma ziyara yankin Yatenga na Burkina Faso. A can suka ga yadda aka inganta ramukan da Mosawa ke kira zaï, dabarar da marigayi Yacouba Sawadogo ya shahara da ita. Da suka dawo suka gwada a faƙonsu, maƙwabta suka gani suka ɗauka.

A shekarar 2000 Abdou Hassane da Pierre Martin da Chris Reij suka fitar da rahoto kan wannan aiki. A 2009 Reij da Gray Tappan da Melinda Smale suka sake waiwayar lamarin a wata takarda ta cibiyar IFPRI. Rubuce-rubucen da aka yi kan yankin sun nuna yadda faƙon da ba mai so ya koma abin saye da sayarwa, yadda matasa suka mayar da haƙar tassa sana'a, da yadda ruwan rijiyoyi ya ɗago a ƙauyen Batodi. A 2015 kuma Benedetta Rossi ta wallafa littafi kan tarihin bauta da ƙwadago da ayyukan agaji a Adar daga 1800 zuwa 2000.

Ɗalibin da ya rubuta a gabatarwar kundinsa cewa ba a taɓa bincike kan yankin ba, ya tona wa kansa asiri gaban duk malamin da ya san waɗannan ayyuka.

Mene ne rumbun bincike?

Rumbun bincike ma'ajiya ce a intanet da ke tattara maƙalun mujallun ilimi, da littattafai, da kundayen digiri, da rahotanni, kowanne da bayaninsa: sunan marubuci, shekara, mujalla, taƙaitaccen bayani da kalmomin da ke nuna jigonsa.

Bambancinsa da binciken Google na yau da kullum shi ne tantancewa. Google na kawo duk abin da ya samu, labarin jarida da talla da rubutun Facebook duk a kwando ɗaya. Rumbun bincike kuwa yana ba ɗalibi damar cewa: a ba ni abin da aka buga daga 1985 zuwa 2005 kaɗai, da Faransanci, a fannin aikin gona.

Yawancin maƙalun da ke cikin irin waɗannan rumbuna sai da wasu masana na fannin suka duba su kafin a buga. Wannan ba ya nufin babu kuskure a cikinsu, amma yana nufin akwai wanda ya sa sunansa da mutuncinsa a kan abin da ya rubuta, kuma ana iya bin sawunsa.

Tun da jami'o'in Nijar suka koma tsarin LMD, wato lisans da masta da dokta, ɗalibai da yawa ke fuskantar rubuta rahoto ko kundi kafin su karɓi takardar shaida. Kundin kuwa ba ya tsayuwa sai da manazarta. Shi ya sa iya bincike ya zama abin da ke raba wanda zai kare aikinsa cikin natsuwa da wanda za a mayar wa da shi.

Gari ɗaya, rubutu barkatai

Babban tarkon farko shi ne sunan garin kansa. Bahaushe zai rubuta Badagishiri. Takardun hukuma na rubuta Badaguichiri. A tsofaffin rahotanni za a tarar da Badéguichiri ko Badeguicheri, wasu kuma Badaguishiri.

Kwamfuta ba ta san gari ɗaya ne ba. Wanda ya nemi rubutu ɗaya, abin da aka ajiye da wannan rubutun kaɗai zai gani, sauran su wuce shi. Tsofaffin rahotannin ruwa na shekarun 1970 na iya ɓoye wa ɗalibi saboda harafi ɗaya.

Maganin abin shi ne a haɗa su duka a nema guda, a raba su da kalmar OR da manyan baƙaƙe: Badaguichiri OR Badéguichiri OR Badeguicheri. Ma'anarta a kawo duk takardar da ke ɗauke da ko da ɗaya daga cikinsu.

Haka abin yake ga sauran sunayen yankin. Akwai Adar da Ader. Akwai Maggia da Majiya da Majia. Akwai Birni N'Konni da Birnin Konni da Konni zalla. Tawa kuwa a takardu Tahoua ce.

Idan ana neman kalmomi biyu ko uku da dole su zo a jere, sai a sa su cikin alamar zance, kamar "Ader Doutchi Maggia" ko "Violet de Galmi", sunan da aka san jar albasar Galmi da shi a duniya. A rumbuna da yawa kuma alamar tauraro a ƙarshen kalma na kawo duk rassanta: irrig* zai kawo irrigation da irrigué da irrigated. Wannan dabara ba ta aiki a Google Scholar, amma tana aiki a yawancin rumbunan laburare.

Illela biyu, Nijar huɗu

Tarko na biyu ya fi na farko ban dariya. Illela biyu ce: ta jihar Tawa, da ta jihar Sakkwato wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni a bakin iyaka. Masu bincike na Najeriya sun yi rubutu da yawa kan tasu Illelar, kan kasuwar dabbobi da cinikin kan iyaka. Ɗalibin da bai lura ba zai iya ɗauko alƙaluman wata ƙasa ya liƙa wa garinsu.

Kalmar Niger ma haka take. Ban da ƙasar, akwai kogin Kwara da ake kira da sunan, akwai jihar Neja, akwai yankin Neja Delta. Mai binciken albasa kuwa yana da ƙarin masifa: akwai wani naman gwari mai baƙanta albasa da sunansa na kimiyya Aspergillus niger. Wanda ya buga onion da Niger zai sha maƙalun cutar albasa daga Indiya da Masar kafin ya ga ɗaya daga Galmi.

A nan kalmar AND ke aiki, don ta tilasta wa kalmomi biyu haɗuwa a takarda ɗaya: Illéla AND Tahoua. Don korar abin da ba a so kuma ana amfani da NOT, ko a Google Scholar a sa alamar ragi a manne da kalmar: -Aspergillus.

Sai kuma batun iyakokin mulki. Kafin 2011 Malbaza na cikin gundumar Birnin Ƙonni, Bagaruwa kuma na cikin ta Illela. A wannan shekara ce aka ƙara yawan gundumomin Nijar daga 36 zuwa 63. Saboda haka mai neman tsofaffin bayanai kan Malbaza ko Dogerawa ko Galmi, a ƙarƙashin Ƙonni zai same su. Wanda kuma ya kwatanta yawan jama'ar gundumar Illela a ƙidayar 2001 da ta 2012 ba tare da cire Bagaruwa ba, ya gina lissafinsa a kan rairayi.

Harshe uku don rami ɗaya

Abin da manomi ke kira tassa, Bafaranshe na iya rubuta shi zaï ko cuvettes de plantation, mai Ingilishi kuma planting pits. Rabin wata shi ne demi-lunes ko half-moons. Barin kututture ya sake tofo a gona, wanda Faransanci ke taƙaitawa RNA, Ingilishi na kiransa FMNR.

Ɗalibin Nijar da ya tsaya kan Faransanci kaɗai ya rufe wa kansa ƙofa babba, domin mafi yawan mujallun kimiyya na duniya da Ingilishi ake buga su, kuma wasu daga cikin muhimman ayyukan da aka yi kan tassar Illela da Ingilishi suka fito. Ba sai mutum ya iya harshen sosai ba kafin ya fara. Ya isa ya tanadi ɗan jadawali a bayan littafinsa: kalmar Hausa, takwararta ta Faransanci, takwararta ta Ingilishi. Idan ya samo maƙalar, manhajar fassara za ta taimaka masa ya gane ko ta dace da aikinsa.

Hanya mafi sauƙi ta tara waɗannan kalmomi ita ce duba kalmomin jigo da ke ƙarƙashin taƙaitaccen bayanin kowace maƙala mai kyau da aka samu. Su ne kalmomin da masana fannin ke kiran abin da su.

Ƙofofin da ke buɗe kyauta

Akwai rumbuna da dama da ba sa neman ko dala, ba sa kuma tambayar katin jami'a.

Horizon Pleins Textes rumbun cibiyar IRD ne, wadda ta gaji ORSTOM a 1998. A nan ne ake samun tsofaffin rahotannin ruwa da ƙasa da taswirori na Nijar, an ɗauki hotonsu shafi-shafi.

Persée na ɗauke da tsofaffin fitowar mujallun Faransa irin su Cahiers d'études africaines da Journal des africanistes da Les Cahiers d'Outre-Mer. HAL kuwa nan ne masu bincike ke ajiye kwafin maƙalunsu da kundayen dokta da hannunsu. OpenEdition na da mujallu da littattafai da yawa da ake karantawa kyauta, Cairn kuma wani ɓangare kyauta ne, wani na kuɗi.

AJOL, wanda ya fara aiki a 1998, ya tattara ɗaruruwan mujallun Afirka, ciki har da na jami'o'in arewacin Najeriya da ke bincike kan gero da dawa da albasa irin na Adar. DOAJ jerin mujallun da ake karantawa kyauta ne waɗanda aka tantance. AGRIS na hukumar FAO na aikin gona ne, PubMed kuma na kiwon lafiya.

A cikin gida ma akwai abin dubawa. Duddal laburare ne na intanet kan raya karkara a Nijar, shafin RECA kuma, wato haɗakar majalisun manoma, cike yake da takardun fasaha kan noma da kiwo. Cibiyar LASDEL ta Yamai na sakin rahotanninta na Études et Travaux kyauta. Alƙaluman ƙidaya kuwa a hukumar ƙididdiga ta INS ake neman su, ba a shafukan da ba a san mai su ba.

Google Scholar shi ne mahaɗar duka. Amfaninsa mafi girma yana ƙarƙashin kowane sakamako, inda aka nuna waɗanda suka ambaci aikin daga baya. Ɗalibin da ya samo rahoton shekarar 2000 kan Illela, idan ya latsa wurin zai ga ayyukan da suka biyo bayansa. Idan kuma ya duba manazartar da ke ƙarshen rahoton zai ga waɗanda suka gabace shi. Da takarda ɗaya mai kyau ana iya jawo ashirin.

Makullin da ke hannun ma'aikacin laburare

Wasu maƙalun na bayan katangar kuɗi. Manyan kamfanonin ɗab'i kan nemi dala 30 zuwa 40 kan maƙala guda, wato kusan jika 20 na sefa. Ba ɗalibin da zai iya wannan sau talatin.

Don haka ne aka kafa shirin Research4Life, haɗin gwiwar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanonin ɗab'i. Rassansa biyar ne: Hinari na lafiya tun 2002, AGORA na aikin gona tun 2003, OARE na muhalli tun 2006, ARDI na fasaha da ƙere-ƙere tun 2009, da GOALI na shari'a tun 2018. Nijar na cikin rukunin ƙasashen da ke shiga kyauta.

Sai dai mutum ba ya yin rajista da kansa. Cibiya ce ke yi: jami'a, cibiyar bincike, asibitin koyarwa, ofishin gwamnati ko ƙungiya ta cikin gida da ba ta neman riba. Idan an amince, sai a ba cibiyar suna da lambar sirri, galibi ta hannun mai kula da laburare, shi kuma ya ba malamai da ɗalibai.

Haka JSTOR, wanda tun 2006 ya buɗe wa cibiyoyin ilimi na Afirka tsofaffin mujallunsa ba tare da biya ba. Ko ɗalibin da makarantarsa ba ta shiga ba na iya buɗe asusun kansa kyauta ya karanta maƙala har 100 a wata a kan allo.

Tambayar da ta kamata kowane sabon ɗalibi ya kai laburare a makonsa na farko ita ce: waɗanne rumbuna makarantarmu ta yi rajista da su, kuma yaya ake shiga? Idan amsar ita ce babu, to ƙungiyar ɗalibai ta samu buƙatar da za ta kai gaban shugabanni wadda ba ta cin kasafin kuɗi, cike takarda kawai take buƙata.

Idan duk an bi waɗannan hanyoyi maƙala ta ƙi buɗuwa, akwai Unpaywall, ƙaramar manhaja da ke nemo halastaccen kwafin kyauta idan akwai. Akwai kuma tsohuwar hanya: a rubuta wa marubucin gajeriyar wasiƙa ta imel cikin ladabi. Da yawansu kan aiko, musamman idan suka ji mai tambayar ɗan yankin da suka yi aiki ne.

Wuta da data

Duk wannan bayani na iya zama tatsuniya ga ɗalibin da ya koma gida hutu, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, cajin waya kuma sai an kai shago. 'Yan Nijar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar, ba a maido da ita ba sai a Maris na 2024.

Dabarar ita ce a raba aikin gida biyu. Nema da saukewa a yi su a inda sabis ke da ƙarfi, a jami'a ko a cikin gari. Karatu da rubutu kuma a yi su ba tare da intanet ba.

Kafin a sauke takarda a karanta taƙaitaccen bayaninta, domin tsofaffin rahotannin da aka ɗauka a hoto na da nauyi, suna cin data. Duk abin da aka sauke a sa masa suna nan take: marubuci, shekara, jigo. A ajiye kwafi biyu, ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a kilé ko katin ajiya. Waya kan faɗa ruwa, kwamfuta kan ɓace a tasha.

Manhajar Zotero, wadda kyauta ce, na adana bayanan kowace takarda, ta kuma jera manazarta da kanta a tsarin da malami ya buƙata. Tana aiki ko babu intanet. Ɗalibai huɗu ko biyar masu jigo makusanci na iya raba rumbunan tsakaninsu, kowa ya bincika ɗaya, su haɗa abin da suka samu.

Ramukan da ake faɗawa

Na farko shi ne kwafe. Akwai shafukan da ke cike da kundayen ɗalibai, wasu masu kyau, wasu ba wanda ya duba su. Ɗauko babi daga kundin da aka yi kan wani gari a Benin ko Kamaru a canza sunan wuri ya zama Badagishiri, sata ce. Malamin da ya yi shakka, jimla ɗaya zai ɗauka ya buga a intanet asiri ya tonu. Ban da kunya, aikin ya zama ƙarya a kan garin da ɗalibin ya fito.

Na biyu sabo ne. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT na iya ƙago sunan maƙala da marubuci da shekara da lambar shafi, duk su yi kama da gaske alhali babu su. A kan ƙananan garuruwa irin na Adar haɗarin ya fi yawa, domin abin da manhajar ta sani a kansu kaɗan ne, sai ta cike giɓi da ƙage. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk takardar da ba ka buɗe da idonka ba, kada ta shiga manazartarka. Yawancin maƙalun zamani na da lambar shaida da ake kira DOI, wadda za a iya bugawa a intanet a ga ko tana kai wa ga maƙalar.

Na uku mujallun bogi ne, masu karɓar kuɗi su buga komai cikin 'yan kwanaki ba tare da an duba ba. Kafin a kafa hujja da mujallar da ba a sani ba, ko a tura mata aiki, a duba ko tana cikin DOAJ ko AJOL, a kuma tambayi malami.

Abin da intanet ba ta da shi

Rumbunan intanet ba su ƙunshi komai ba. Rahotannin ayyukan raya karkara da yawa na nan a takarda a ofisoshin aikin gona da na gandun daji da na ƙananan hukumomi. Takardun zamanin mulkin mallaka na gidan adana tarihi na ƙasa a Yamai. Cibiyar IRSH na da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da Boubou Hama ya assasa tarawa. Mai binciken tarihin Ƙonni da alaƙarta da daular Usmaniyya kuwa ba zai rasa abin ɗauka ba a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da laburaren jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Sannan akwai dattawan da suka haƙa tassar farko, da matan da suka san shekarar da rijiya ta ƙafe da shekarar da ta dawo. Amfanin karanta abin da aka rubuta tun farko shi ne ɗalibi ya isa gabansu da tambayar da ba a riga an amsa ba. Rahoton 2000 ya faɗi yadda abin yake a lokacinsa. Yau fiye da shekara ashirin ke nan: gonakin da aka farfaɗo suna hannun wa? Har yanzu ana zuba musu taki? Matasan da ke tafiya ci-rani Abidjan ko Libiya, wa ke haƙa musu? Waɗannan tambayoyi ɗan gari ya fi kowa damar amsa su, da harshen da ake magana da shi a zaure.

Rabon 'yan uwa na waje

'Yan Adar da ke karatu ko aiki a Faransa da Kanada da Maroko da Turkiyya da Najeriya na da rawar takawa. Ba da lambar sirrin jami'arsu ga wani ya saɓa ƙa'ida, yana kuma iya jawo a rufe musu asusu. Amma babu abin da ya hana su zama da ƙane ta WhatsApp na awa ɗaya su nuna masa yadda ake haɗa kalmomin nema, ko su duba masa sunayen ayyukan da suka dace da jigonsa, ko su taya shi rubuta wa marubuci wasiƙa da Ingilishi.

Mafi girma daga wannan shi ne su saki nasu aikin. Duk wanda ya rubuta kundin masta ko dokta kan albasar Galmi, ko gonakin ban-ruwa na Ƙonni, ko dutsen siminti na Malbaza, ko kasuwar Badagishiri, ya ajiye kwafi a rumbun da kowa ke iya shiga, kamar HAL ko ma'ajiyar jami'arsa ko DICAMES ta majalisar CAMES. Ya kuma sa duk rubuce-rubucen sunan garin a cikin kalmomin jigo, don na baya ya same shi.

Kundayen da ake karewa a jami'o'in cikin gida ma haka. Wanda ya tsaya a kwafi uku cikin kabad, ƙura da gara ne za su karanta shi. Bayan shekara biyar wani ɗalibi zai sake zuwa ƙauye ɗaya, ya yi wa mutane ɗaya tambayoyi ɗaya, ya kuma rubuta cewa ba a taɓa bincike a wurin ba.

Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ɗalibin da ya gama kundinsa da Faransanci zai iya ƙara shafi biyu na taƙaitawa da Hausa, ya kai wa magajin gari da ƙungiyar manoma, ko ya karanta a rediyon al'umma. Manoman da aka yi shekara da shekaru ana ƙirga ramukansu da auna hatsinsu sun cancanci jin abin da lissafin ya nuna.